Daga duwatsun Somaliya zuwa kaskon amarya: halin da bishiyoyin turare ke ciki

Da aka sa ranar bikin ƙanwata, Inna ta raba wa kowa aikinsa, ni kuma ta ce kayan ƙamshi suna wuyana tunda ni ce mai albashi. Na ɗauki jaka na nufi Briketeri, wajen wata Hajiya da nake saye a hannunta tun ina ɗaliba a makarantar horon malamai. Na lissafo mata abin da nake so: turaren wuta na ɗaki da na tsuguno, humra fara da baƙa, kajiji, farce, sandal, lubban, sai ɗan icen ud ko da guntu ne saboda ango. Da ta buga lissafi ta faɗi kuɗin, wallahi sai da na nemi benci na zauna.

Hajiya ba ta ja da ni ba. Garwashi ta zuba a kasko, ta ɗora guntayen ice biyu waɗanda a ido ba ka raba su. Na farko ya yi ta fitar da mai yana tafarfasa a hankali, ƙamshinsa ya kama mayafina har na isa gida. Na biyu ya yi ƙamshi na minti biyu zuwa uku, daga nan sai ƙaurin itacen girki. Ta ce wannan na biyun shi ake samu yanzu a tsohon farashi, ice ne kawai aka jiƙa da turaren kwalba. Na ce ko kuɗin kwastan da na mota ne suka jawo, tunda kayan daga Injamena suke biyowa ta Kuseri, wasu kuma daga Dubai. Ta ce akwai wannan, amma masu kawo mata kaya sun daɗe suna faɗa mata cewa icen kansa ne ke ƙaranci.

Wannan magana ce ta sa na shiga bibiyar inda waɗannan kaya ke fitowa. Mu dai mun san turare a gidan biki da gidan suna, da ranar Juma'a, da tsarabar alhazai. Makwabtanmu Kirista ma suna ƙona lubban a coci. Amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa ganin bishiyar da ke ba da shi.

Yadda ake tatsar lubban

Lubban ƙaro ne da ke fita daga jikin wasu bishiyoyi da masana ke kira Boswellia. Sunan lubban ya samo asali ne daga kalmar Larabci ta madara, domin idan aka kankare ɓawon, wani farin ruwa ne kamar nono ke tsattsafowa. Ba a gonaki ake samun yawancinsa ba. Bishiyoyin daji ne da ke fitowa a busassun wurare, wasu a kan tsagar dutse inda ko akuya sai ta yi da gaske take hawa. Akwai su a yankin Zufar na ƙasar Oman, da Yaman, da arewacin Somaliya, da Habasha, da Iritiriya, da Sudan, da Indiya.

Sana'ar ta daɗe ƙwarai. Kimanin shekara 3,500 da suka wuce, sarauniyar Masar Hatshefsut ta tura jiragen ruwa ƙasar Funt, suka dawo da kayan ƙamshi har da bishiyoyin turare masu rai a cikin kwanduna, kuma zanen wannan tafiya yana nan a bangon ginin da ta bari. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa wuraren lubban na Oman, ciki har da kwarin Wadi Dauka da tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Al-Balid a Salala, cikin kayan tarihin duniya.

Aikin tatsar yana da ƙa'ida. Mai tatsa yakan ɗauki wata 'yar wuƙa mai faɗin baki ya kankare ɓawo kaɗan, bai kai faɗin tafin hannu ba. Ruwan ya fito ya daskare. Bayan kamar mako biyu ya dawo ya ɓamɓare, ya ɗan sake buɗe wurin. Fitar farko ba ta da kyau sosai, sai an yi zagaye da yawa ake samun fari tas mai tsada. A yankin Sanag na Somalilan, musamman duwatsun Al Madaw kusa da garin Erigabo, bishiyoyin gadon dangi ne, kowane gida ya san nasa. Dokar gargajiyarsu ta hana a taɓa ƙaramar bishiya, ta hana a yi wa babba miki fiye da kamar goma zuwa goma sha biyu, kuma bayan an tatsa shekara biyu ko uku sai a bar ta ta huta.

Hikimar ita ce, ƙaron nan maganin bishiyar ne. Da shi take toshe miki, da shi take korar ƙwari da ruɓa. Kuma daga abincin da ta tara take yin sa, abincin da ya kamata ya tafi ga ganye da fure da 'ya'ya. Wato dai kamar saniya ce: idan ka tatse nonon kaf, maraƙi ne zai ji a jikinsa.

Abin da masu bincike suka gano

A 'yan shekarun nan kasuwar ta sauya. Bayan masallatai da coci-coci da gidajen biki, an samu sababbin masu saye: kamfanonin man ƙamshi na Amurka da Turai. Su ba ƙonawa suke yi ba. Suna turara ƙaron da tururi a manyan tukwane su tace man da ke ciki, su zuba a 'yan kwalabe, a sayar don shafawa da haɗa sabulu da man fuska. Matsalar ita ce man kaɗan ne a cikin ƙaron. Kilo 100 na lubban sau da yawa bai ba da kilo 10 na mai. Saboda haka buƙata ta yi tashin gwauron zabi, farashi ya hau, kowa ya ruga daji.

Wata mai bincike Ba'amurkiya, Anjanette DeCarlo, wadda ta yi shekaru tana zuwa Somalilan, ta ba da labarin bishiyoyin da ta samu da miki sama da 100 a jikinsu, tun daga gindi har rassa, kuma babu sauran hutu. To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bishiyar da ta galabaita, wani ƙwaro mai dogayen ƙaho ke yi mata ƙwai, tsutsarsa ta rarake ta daga ciki har ta bushe.

A Iritiriya an yi wani bincike da aka wallafa a 2006. An gwada irin bishiyoyin da ake tatsa kowace shekara da na waɗanda aka bari. Irin waɗanda aka bari ya tsiro fiye da kashi 80 cikin 100, na waɗanda ake tatsa kuwa bai wuce kashi 16 ba. Ke nan bishiyar na iya zama a tsaye da ganyenta, amma ta daina haihuwa.

Babban binciken da ya tayar da hankalin duniya shi ne na 2019, wanda Farfesa Frans Bongers na jami'ar Wageningen da ke Holan ya jagoranta tare da masana daga Habasha da Iritiriya da Sudan. Sun duba dazuzzuka 23 na irin bishiyar da ke ba da mafi yawan lubban da ake ƙonawa a coci. Suka tarar fiye da kashi 75 cikin 100 na dazuzzukan babu ƙananan bishiyoyi a cikinsu sam, wasu an yi shekaru gommai ba a samu sabon tsiro da ya girma ba. Suka yi hasashen cewa idan aka ci gaba a haka, cikin shekara 20 lubban ɗin da ake samu zai ragu da rabi.

Kuma ba tatsa kaɗai ce ta jawo ba. Shanu da awaki na cinye tsiron tun yana ƙarami. Gobarar daji da ake sakawa kowace rani na ƙone wanda ya tsira. A arewa maso yammacin Habasha kuma ana share dajin ana noman riɗi, domin riɗi na kawo kuɗi a shekara ɗaya. Duk wanda ya tashi a arewacin ƙasarmu ya san waɗannan abubuwa uku, ba sai an ba shi labari ba.

Wa ke cin ribar?

Da sauƙi a ce masu tatsa ne ke da kwaɗayi. Amma a duba yadda kuɗin ke tafiya. Mutumin da ke kwana a kogon dutse watanni, yana hawa inda zamewa ɗaya ke zama ajali, 'yan daloli kaɗan yake samu a kilo. Da yawansu kafin su shiga daji sai sun karɓi shinkafa da sukari da mai bashi a hannun dillali, don haka idan kaya suka sauko dillalin ne ke yanka farashi. Ƙaramar kwalbar man da ba ta kai cokali biyu ba kuwa, ana sayar da ita dala gommai a Amurka. Wanda bashi ya yi wa katutu, iyalinsa na jira, fari ya kashe masa dabbobi, ta yaya za a ce ya bar bishiya ta huta shekara guda?

Bayan maza sun sauko da kaya, mata ne ke zama a rumbuna tun safe har yamma suna tsince tsakuwa da ɓawo, suna ware fari da ja, babba da ƙarami. Su ne suka fi kowa ƙarancin lada. A ƙarshen 2024 hukumar kwastan ta Amurka ta ba da umarnin a tsare lubban ɗin wani kamfani na Somalilan a bakin iyaka bisa zargin sa mutane aikin tilas. Wannan ya nuna maganar kare bishiya da maganar haƙƙin ma'aikaci tafiyarsu ɗaya. Inda aka biya mai tatsa da kyau, kuma ya tabbata bishiyar tasa ce, 'ya'yansa za su gada, ba sai an yi masa wa'azi ba kafin ya kula da ita.

Ud da sandal

Labarin ud ya fi na lubban muni. Icen ud, wanda ake turara Ka'aba da shi, daga wata bishiya yake da ake kira Aquilaria, a dazuzzukan Asam ta Indiya, da Bangaladash, da Kambodiya, da Biyetnam, da Malesiya, da Indunusiya. Abin mamaki shi ne lafiyayyar bishiyar ba ta da ƙamshi ko kaɗan, farin ice ne mara nauyi. Sai ta ji rauni, wata irin ruɓa ta shige ta, sannan take fitar da baƙin ƙaro don kare kanta, ya jiƙa icen a hankali cikin shekaru. Wannan baƙin ɓangaren shi ne ud. A daji, ko bishiya ɗaya cikin goma ba ta kan yi shi. Tunda daga waje ba a cika ganewa ba, masu nema sukan sare duk wadda suka samu su tsaga su duba. Mai kyan gaske kilonsa na kai dala dubu gommai, don haka babu dajin da ya yi nisa.

Tun 1995 aka sa babban nau'in bishiyar a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin tsirrai da namun daji tsakanin ƙasashe, daga 2005 kuma aka haɗa dukkan danginta. Ma'ana ba a fitar da ita daga ƙasa sai da takardar izini. Duk da haka, a 2018 ƙungiyar IUCN ta sa wannan nau'i cikin waɗanda ke dab da ɓacewa a daji.

Abin da ya ɗan kawo sauƙi shi ne noma. A Asam da Tailan da Biyetnam yanzu ana shuka ta miliyoyi. Idan ta yi wasu shekaru sai a huda ta a zuba mata abin da zai sa ta fara yin ƙaron. A Bangaladash ƙusoshi ake bubbuga mata. Masana ƙamshi sun ce na gona bai kai na daji zurfi ba, amma ud ne na gaskiya. Wanda ya kamata a guje wa shi ne jabu: icen da aka rina baƙi aka jiƙa da turare, wani har da cusa masa dalma ko ƙarfe don ya yi nauyi, saboda an san ud mai ƙaro sosai nitsewa yake a ruwa.

Sandal kuwa, mafi shahara shi ne na Maisur a kudancin Indiya. A 1792 Tifu Sultan ya mayar da shi bishiyar sarauta, kuma gwamnatocin da suka biyo baya suka riƙe wannan doka. Ko a gonarka ta fito, ta hukuma ce, idan aka sace kai za a tuhuma. Sakamakon haka manoma suka daina barin ta ta girma, ɓarayin daji irin su Birafan, wanda 'yan sanda suka kashe a 2004, suka yi ta sara. Sai a 2001 jihar Karnataka, sannan Tamil Nadu a 2002, suka sassauta dokar don manomi ya iya shukawa ya amfana. Ita wannan bishiya ba ta sauri: ƙamshin a zuciyar icen da saiwa yake, sai ta shekara 15 ko fiye kafin ta tara shi sosai, kuma tumɓuke ta ake yi gaba ɗaya. Yau manyan gonakin sandal suna arewacin Ostireliya.

Da na Indiya ya yi wuya, sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka ta Gabas, inda akwai wata 'yar'uwarta. Aka yi ta tumɓuka a Kenya da Tanzaniya har Kenya ta hana sararta a 2007, aka kuma sa ta a CITES a 2013. Haka abin yake tafiya: idan aka cinye daji ɗaya, a koma na gaba.

Mu ma muna da namu

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Lubban yana da ɗan'uwa a ƙasarmu, wato hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, Fulani kuma andakehi. Yana nan a duwatsun wajen Garwa da Marwa da Mandara, da arewacin Najeriya har zuwa arewacin Gana. Shi ne mai ɓawo yana saɓulewa kamar takarda. Kakanninmu na ƙona ƙaronsa su turara ɗaki da tufafi su kori sauro, saƙe-saƙinsa kuma na shiga magunguna da dama. Yanzu ƙaron hano ya fara shiga kasuwar man ƙamshi ta ƙetare.

Da na je hutu gida Garwa, na ga hano da aka saɓule wa ɓawo zagaye guda, tun daga ƙasa har inda hannu ya kai. Abin da nake koya wa yara a aji ne: abincin da ganye ya haɗa ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. Idan aka yanke ɓawon ya zagaye, an yanke hanyar, saiwa ta mutu da yunwa, bishiya ta bi ta. Mai magani na da yakan ɗebi gefe ɗaya ne ya bar sauran. Mai cika buhu don kai wa kasuwa ba ruwansa.

Haka dushe, wanda Larabawan Cadi da Sudan ke kira talha, icen da matan Sudan ke yin dukhan da shi, wanda mu ma muka ara a gyaran amare. Ita dai wannan bishiya ce ke ba da ƙaron da mutanen wajen Waza da Lagon ke tsinta su sayar, ita ce kuma masu gawayi suka fi so. Kajiji da jema a fadama suke, saiwarsu ake haƙa. Idan aka kwashe kaf ba a bar na iri ba, ko fadamar ta bushe, shi ke nan.

Kamaru ta riga ta ɗanɗana irin wannan. Akwai bishiyar da ake kira pijiyom a Dutsen Kamaru da duwatsun Oku, wadda ake haɗa maganin ciwon mafitsarar dattawa da ɓawonta a Turai. An yi ta saɓule ta ba ƙa'ida har Tarayyar Turai ta dakatar da saye daga Kamaru a 2007. Sai da aka ƙirga bishiyoyi, aka ƙayyade abin da za a ɗiba, aka koma ɗibar ɓangare biyu cikin huɗu a bar bishiya ta warke na shekaru, sannan kasuwar ta sake buɗewa. A tsakanin nan talakan da ke ci da ita ne ya sha wuya.

Me ya rage a yi?

A matakin duniya, tun taron CITES na 2019 a Jeniba ake nazarin ko za a sa lubban a jerin. Masana sun rabu: wasu na ganin zai kawo tsari, wasu na tsoron takardu za su fi ƙarfin ƙananan masu tatsa, musamman a Somalilan da ba ta cikin yarjejeniyar a matsayin ƙasa. Akwai kuma tambarin FairWild da ake bai wa kayan dajin da aka tabbatar an ɗebo su bisa ƙa'ida an kuma biya masu ɗiba. Binciken 2019 ma bai ce a daina tatsa ba. Cewa ya yi a killace wasu wurare daga dabbobi na shekaru, a hana gobara, a rage yawan miki, a riƙa hutar da bishiya.

A namu ɓangaren, abu na farko shi ne tambaya. Hajiyar da ke haɗa turaren wuta ta tambayi mai kawo mata kaya daga ina yake, na gona ne ko na daji. Yau ba zai sani ba, amma idan masu tambaya suka yi yawa zai nemo amsa. Alhajin da zai yi tsaraba a Makka ko Jidda, kada ya raina ud na gona, kuma ya tuna araha ba ta ado. Wanda aka ce na daji ne tsoho amma kuɗinsa kamar na goro, ganin kitse ake yi wa rogo.

Na biyu, a rage ɓarna. Ƙwayar lubban biyu a kan garwashin da ya yi toka-toka ta fi cikin hannu da aka watsa a jan wuta, domin wuta mai zafi ƙona ƙaron take kafin ya ba da ƙamshi. A kuma buɗe taga, musamman inda akwai jariri ko mai asma.

Na uku ya shafi 'yan'uwanmu na arewa. Hano da dashi ba sa wahalar dasawa. Reshe ake sara a kafa a ƙasa gab da damina, ya kama, shi ya sa mutanen da ke yin shingen gona da su. Makarantun boko da na allo, da filayen idi, da maƙabartu duk suna buƙatar shinge. Malamin da ya sa ɗalibansa suka kafa rassa hamsin bana, ya bar musu abin da za su tatsa da girmansu. Sarakuna da masu unguwanni kuma su ne za su iya hana saɓule ɓawo zagaye, kamar yadda suke hana sare kuka da tsamiya a wasu garuruwa.

Ni dai a ƙarshe rage lissafin na yi. Na ɗauki ud na gona guntu uku, lubban gwangwani ɗaya maimakon uku, na ƙara kajiji da jema na gida, Hajiya ta haɗa mini. Inna ta ɗan yi ƙorafi cewa kwallayen ba su cika ba, dangin ango za su yi magana. Ranar kai amarya aka sa garwashi ɗaya a ɗakin, babu wadda ta tambayi kwalla nawa aka kawo. Na kuma yi wa ƙanena na Garwa waya, na ce idan ruwa ya kusa sauka ya saro rassan hano ya zagaye mana filin Baba da su. Allah Ya sa su kama.